Fitar aji zuwa kallon zanen bango a Garwa: me za a duba, me za a tanada?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a shekara ta biyar a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Garwa ta Kamaru, kuma ni ne shugaban aji. Malamarmu ta ce za mu fita kallon zanen bango na cikin gari, ta ɗora mini in kawo tsari a rubuce. Mu 68 ne. Damuwata biyu ce. Ni dai ban taɓa ganin zane a Garwa irin wanda nake gani a intanet ba, sai na shaguna. Sannan wasu iyaye, har da Babana, suna cewa yawon banza ne. Ina za mu je, me za mu duba, me ya kamata mu tanada?"

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ƙara basira. In aka warware tambayarka, abu uku ne a ciki: ko bangon Garwa yana da abin kallo, yadda za a fita da mutum 68 a dawo da su lafiya kuma sun ƙaru, da abin da za a faɗa wa iyaye. Zan fara da na farko, domin amsar da za ka ba Babanka daga nan za ta fito.

Abin da ke waya da abin da ke bangon garinku

Zanen da kake gani a intanet yana da asali. A ƙarshen shekarun 1960 matasa a Filadelfiya da Niyok, can Amurka, suka fara rubuta laƙabinsu a bango da jikin jiragen ƙasa, da alƙalami mai kauri da gwangwanin feshi. A 1971 jaridar New York Times ta yi labarin wani yaro mai sa hannu da TAKI 183, abin ya ƙara bazuwa. Amma manyan zanukan da ke rufe bene mai hawa huɗu ko biyar, waɗanda su ne suka cika maka ido, yawancinsu aikin kwangila ne: akwai wanda ya ba da bango, akwai wanda ya sayi fenti, akwai motar da ta ɗaga mai zanen sama. A Afirka ma haka abin yake tafiya. Dakar ta yi Set Setal wajen 1990, lokacin da matasan unguwanni suka tashi suna share tituna suna zana katangu, kuma tun 2010 ake bikin zanen bango na Festigraff a can. A Duwala cibiyar doual'art, wadda aka kafa a 1991, ita ce ta tsaya wa Joseph-Francis Sumégné ya ƙera wani mutum-mutumi na tarkacen ƙarfe a shataletalen Deido a 1996, ita ce kuma ta fara bikin fasahar cikin gari na SUD a 2007. Duk inda ka ga irin wannan aiki, ka duba bayansa za ka tarar da kuɗi da ƙungiya.

Bangon Garwa masu biyansa daban ne, shi ya sa kamanninsa ya bambanta. Mai aski yana biya a zana masa kawuna, mai gashin nama yana biya a zana masa tsire da wuƙa, mai gyaran waya, tela, mai kemis, kowa da nasa. Asibitoci da ƙungiyoyin agaji suna biya a zana wanke hannu saboda kwalara, ɗigon rigakafin shan inna, kwana cikin gidan sauro. Makarantun ƙananan yara suna cika katangarsu da haruffa da dabbobi da taswirar ƙasa. Kamfanonin waya suna shafe shago sukutum da launinsu, rawaya na MTN, ruwan lemo na Orange. Manyan motoci suna yawo da zaki da mikiya da addu'a a bayansu. Ga kuma rubutun da ba wanda ya ba da izininsa: sunan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Coton Sport da gawayi, gargaɗin hana fitsari, sanarwar cewa fili ba na sayarwa ba ne. Duk wannan zanen titi ne, kuma ga ɗalibi ya fi na intanet amfani, domin wanda ya yi shi yana nan da ransa, sau da yawa ma lambar wayarsa tana ƙasan zanen.

Kada ka manta yankin nan ya daɗe yana ƙawata bango. Maginan Hausa suna fitar da dagi da sauran zayyana a ƙofar zaure, su shafe da makuba don ruwa kada ya ci. Ginshiƙan zauren fadar Lamiɗon Ngaundere a zane suke da launuka. Matan Gawi, ƙauyen Kotoko da ke kusa da Injamena, suna zana jikin ɗakunansu da ƙasa mai launi. A Bidzar, gaba da Figil a hanyar Marwa, akwai zanen da mutanen zamanin baya suka sassaƙa a kan dutse. Sanya wannan a sakin layi na farko na takardarka. Shi ke nuna wa shugaban makaranta cewa darasin ya taɓa tarihi da ƙasa, bai tsaya a kwaikwayon Turawa ba.

Zagayen share fage

Ba zan ce maka je bango kaza a unguwa kaza ba, kuma da gangan ne. Bangon titi ba ya zama. Wanda ke da zane a watan jiya, yau an manna masa fastoci, ko mai gida ya sake fenti, ko an rushe shi an fitar da shago. Abin da ake yi shi ne kai da Malama ku zagaya da ƙafa kafin a kai takardar neman izini, a daidai sa'ar da za ku fita da aji, sannan wani ya sake bi kwana 2 kafin ranar don tabbatarwa. Ku fara da inda shaguna suka yi yawa, kewayen babbar kasuwa, Yelwa, hanyar filin wasa na Rumde Ajiya, da katangun makarantu da asibitocin unguwa. Za ku samu fiye da abin da kuke buƙata.

Bango 5 sun isa. Na san za ka ga kamar sun yi kaɗan, amma ajin da aka nuna wa bango 15 ba ya dawowa da komai sai hotuna da ciwon ƙafa. Ku zaɓi biyar ɗin su bambanta: allon shago ɗaya da aka yi da hannu, zanen faɗakarwa ɗaya, katangar makaranta ɗaya, bango ɗaya da ya lalace sosai, sai ƙofar zaure mai adon gargajiya in an samu, in ba a samu ba a maye gurbinta da babbar mota a gareji. Lalataccen bangon nan kada ku tsallake shi don muninsa, shi ne zai fi koyar da ku. Tsawon tafiyar gaba ɗaya kada ya wuce kilomita 2, kuma in da hali ta zama zagaye, a ƙare kusa da inda aka fara.

A kowane bango ku tsaya ku auna abu huɗu. Na farko wurin tsayuwa: mutum 12 za su iya ja da baya taku 6 ko 7 ba tare da sun hau kwalta ko sun faɗa kwata ba? In a'a, ku bar shi komai kyansa, domin a Garwa masu babur ba sa jiran kowa. Na biyu inuwa, ko da ta darbejiya ɗaya ce. Na uku inda bangon ya fuskanta. Wanda ya kalli gabas, rana tana haska shi da safe tana bayan masu kallo, launi ya fito, hoto ya yi kyau. Wanda ya kalli yamma, da safe ɗalibai ne za su fuskanci rana, su yi ta kanne ido, hoton kuma ya fito baƙi. Daga Nuwamba zuwa Janairu rana tana karkata kudu, don haka bangon da ya kalli kudu yana cikin haske kusan yini guda. Na huɗu maƙwabtan bangon. In yana kusa da barikin soja, ofishin jandarma ko ’yan sanda, filin jirgin sama, gidan gwamna, ko gadar Binuwai, ku cire shi. Ɗaukar hoto a irin waɗannan wurare yana jawo a karɓe waya a tsare mutum, kuma ba za ka iya hana yara 30 ɗaga waya ba. Haka bangon da ke ɗauke da rubutun siyasa: a wuce shi, a tattauna shi a aji in Malama ta ga dama.

A wannan zagayen ne kuma za ku nemo mai zane. Kwafi lambar da ke ƙasan allon da ya fi burge ku, ko ku tambayi mai shagon wa ya yi masa. Ku je wurinsa da kanku, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku roƙe shi ya tsaya gaban aikinsa ranar fitar, da burushinsa da igiyar allinsa da gwangwani ɗaya ko biyu. Ku yi maganar kuɗi tun a nan, domin safiyar da zai ba ku safiyar aikinsa ce. In kuɗin aji ba zai kai ga mota da mai zane duka ba, a bar mota a taka da ƙafa.

Takardu da izini

Wannan aikin Malama ne, naka shi ne ka rubuta mata daftari. Takardar neman izini tana zuwa ga shugaban makaranta aƙalla mako 3 kafin ranar, ɗauke da manufar fitar, rana da sa'a, hanyar da za a bi titi-titi, sunayen ɗalibai, sunayen manyan da za su raka da lambobinsu. Shi ne zai ga ko sai an sanar da delegen ilimi, wato jami'in ilimi na yanki, da sufurefe, wato shugaban gunduma. Tun da matsalar tsaro ta taso a arewa, taron matasa a titi yana jan ido, don haka kwafin takardar mai hatimi ya kasance a hannun kowane babba, kada a bar shi a jakar mutum ɗaya. A sanar da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, wato APEE, kuma a nemi iyaye 2 su biyo ku. Uban da ya je ya gani da idonsa ya fi takarda goma kare ku.

Kowane ɗalibi ya kawo takardar amincewar mahaifi ko mariƙi, da sa hannu da lambar waya, da layi ɗaya da ke tambayar ko yaron yana da asma, sikila ko farfaɗiya. Wanda bai kawo ba ya zauna, ko da ɗan Malama ne. Sannan akwai izinin da ba a rubutawa: gaisuwa ga jauro, wato mai unguwa, da sanar da mai kowane shago ko gida. Mai shagon da aka sanar yakan fito da benci. Wanda bai sani ba, ya buɗe ƙofa ya ga yara sun tare masa ciniki suna ɗaukar hoto, ba mamaki ya kore ku, kuma da gaskiyarsa.

Ranar fita

Mutum 68 ba sa fita rana ɗaya. Raba ajin biyu, 34 a wannan Asabar, 34 a mai zuwa. Kowace rana a kasa su rukuni 3 na mutum 11 ko 12, kowane rukuni da babba ɗaya, sai babba na huɗu da ba shi da rukuni, yana riƙe da akwatin magani da kuɗin ko-ta-kwana, shi ne zai kai wanda ya galabaita gida ko asibiti ba tare da an bar sauran ba mai kula. Rukunan kada su taru a bango ɗaya. Kowanne ya fara daga bango daban, a riƙa juyawa, mai zane ya zauna a nasa wurin rukunai suna iske shi ɗaya bayan ɗaya.

Mutane sukan zaɓi yammacin Laraba saboda ba karatu, amma daga azahar zuwa la'asar ne zafin ya fi tsanani. Safiyar Asabar ta fi. A taru ƙarfe 7, a kira suna, a tashi 7 da rabi. Minti 20 a kowane bango, minti 30 a wurin mai zane, da tafiya tsakani, za ku gama wajen 10 da rabi. Watanni mafi dacewa Nuwamba, Disamba da Janairu, ko makon matasa kafin 11 ga Fabrairu, lokacin da makarantu suka fi sakin hannu ga irin wannan aiki. Daga Maris zuwa Mayu zafin Garwa yana haura digiri 40, ga jarrabawa ta matso. A duba kalanda kada ranar ta faɗa cikin azumi. In an wayi gari da hazo mai kauri, masu asma su sa takunkumi, in ya yi yawa a ɗaga fitar.

Ruwa lita 1 da rabi ga kowane mutum. Ku wajen 40 ne da manya, lita 60 ke nan, jarka 3 masu lita 20, a ajiye su a shagon da ke tsakiyar hanya, kowa ya zo da gorarsa. A akwatin magani a sa filasta, bandeji, auduga, maganin wanke ciwo, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti wanda ake zuba wa lita 1 na ruwa. In babu, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 na tsaftataccen ruwa. Yaron da ya ce kansa na juyawa ko ya yi shiru ba gaira ba dalili, a zaunar da shi a inuwa, a jiƙa masa kai da wuya, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Kowa ya karya kumallo kafin ya zo, don yawancin masu faɗuwa waɗanda suka fito da cikin wofi ne. A sa kayan makaranta saboda a gane ku daga nesa. A kira suna duk lokacin da za a bar bango, da suna, ba da ƙirga kawuna ba, domin yaran unguwa suna shiga cikin layi lissafi ya cika alhali naku ɗaya ya tsaya sayen ƙanƙara. Lambar ’yan sanda 117, ta ’yan kwana-kwana 118. Ba wanda zai hau babur na haya, ko da tafiya ko da dawowa, har sai an sallami kowa a ƙofar makaranta.

Yadda ake karanta bango

Nan ne fitar take zama darasi ko ta zama yawon da Babanka yake faɗa. Kowane ɗalibi ya riƙe takarda a kan guntun kwali, da fensir. Da an isa bango, minti 5 na farko waya tana aljihu, baki a rufe, kowa ya zana abin da yake gani. Ba a neman kyau. Dalilin shi ne hannu yana tilasta wa ido ya tsaya, wanda kuwa ya ɗauki hoto ya riga ya gaya wa kansa ya gama kallo. Bayan nan sai tambayoyi, iri ɗaya a kowane bango: wa ya yi, wa ya biya, wa ake so ya gani, da wane harshe aka rubuta, da me aka yi, me ya fara lalacewa.

Ɗauki allon mai aski. Daga nesa kawuna ne shida a jere, kowanne da irin askinsa. Matso. Za ka ga duk an zana su ta gefe, domin ta gefe ne layin aski yake fitowa, kuma fuskar gefe ta fi sauƙi fiye da ta gaba inda sai ido biyu sun daidaita. Duba haruffan sunan shagon: sau da yawa na farko suna da faɗi, na ƙarshe sun matsu, alamar mai zanen bai ƙirga haruffa ya raba fili ba kafin ya fara. Ƙwararre yana buga layi biyu da igiyar da aka shafa wa alli, ya fara rubutu daga harafin tsakiya ya tafi dama da hagu. In ka duba da kyau za ka ga ragowar layin allin a ƙarƙashin fenti, wani lokaci har da gashin burushi da ya maƙale ya bushe. Inuwar da ke gefen kowane harafi, a duba ko duk gefe ɗaya ta faɗa. In wata ta faɗa dama wata hagu, hannun almajiri ne.

Kayan aiki ma ana gane su da ido da yatsa. Farar ƙasa ba ta sheƙi, in ka shafa sai ta bar fari a yatsa. Fentin ruwa yana bushewa da wuri, ba ya ƙyalli sosai. Fentin mai yana sheƙi, yana nuna sawun burushi, kuma in ya tsufa yakan tsattsage ya ɗaye falle-falle. Feshi ba shi da sawun burushi, gefen layinsa a baje yake kamar hayaƙi, kuma inda aka kusanto da gwangwani fiye da kima za ka ga fenti ya zubo ya yi hawaye. Tazarar da ta dace wajen santimita 20 ce. Haruffan da suka fito iri ɗaya sak, da ’yan tsaga a jikin O da A, da yankakken kwali aka yi su. Tsagar nan ita ce ke riƙe cikin harafin kada ya faɗo.

A lalataccen bangon, sa ɗalibai su nemo dalili. In ɓarnar ta tsaya daga ƙasa zuwa gwiwa ko ƙugu, da wani farin gari kamar kanwa, danshi ne ke hawowa daga ƙasa da damina, yana ɗauko gishiri, gishirin ya ture fenti. In fentin ya kumbura ya yi laushi a bango sabo, an yi gaggawa ne: sabon shafen siminti yana son kusan mako 4 kafin a sa masa fenti, kuma fentin mai ya fi saurin lalacewa a kansa. In yana ɗayewa da faɗi, bayansa fari, an shafa ne a kan tsohuwar farar ƙasa ba a kankare ba. In ba abin da ya ɗaye amma launi ya koɗe, aikin rana ne, kuma za ku lura ja mai haske da ruwan hoda su ke fara gudu, baƙi da launin jar ƙasa su daɗe. Shi ya sa tsohon zanen faɗakarwa yakan koma shuɗi-shuɗi, fuskokin mutane su yi fari. Malamin kimiyya zai sami darasi guda a wannan bangon kaɗai, ku gayyace shi.

A zanen faɗakarwa, tambayar da ta fi daɗi ita ce ta harshe. An rubuta da Faransanci a unguwar da ake Fulatanci da Hausa, to wa ake yi wa magana? Ku rufe rubutun da hannu, ku ga ko hoton kaɗai zai isar da saƙon ga wadda ba ta yi boko ba. Ku ƙirga tambarin da ke ƙasa, su ne masu biya. Da izinin babban rukuni, ɗalibai biyu su gaida wani mazaunin wurin su tambaye shi me ya fahimta da zanen. Amsar takan bambanta da abin da masu biyan suka nufa.

Hoto a ƙarshe ake ɗauka, waya ɗaya a kowane rukuni. Ba a ɗaukar mutum sai ya yarda, musamman mata da masu sana'a a bakin hanya. In za a sa hoton a Facebook ko WhatsApp, a rubuta sunan mai zanen. Kamaru tana da dokar haƙƙin mallakar fasaha ta 19 ga Disamba 2000, kuma ko ba doka, aikin mutum ne.

Maganar iyaye

Iyaye ba sa ƙin abu haka kawai. Tsoronsu uku ne: hatsarin titi, cakuɗuwar maza da mata ba mai kula, da batun zanen mai rai. Na farko da na biyu tsarin da ke sama ya amsa su, kuma in ana so a ware rukunin ’yan mata da malama mace, ba abin da zai ragu. Na ukun fagen malamai ne, ni mai koyar da zane ne, ba na ba da fatawa. Abin da aka sani dai shi ne hadisan hana sura suna cikin Buhari da Muslim, kuma a cikinsu Ibn Abbas ya ce wa mai sana'ar zane in ba makawa ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin sura mai inuwa, wato gunki, da zanen da ke shimfiɗe a bango ko takarda. Wanda ya sami damuwa ya tambayi malaminsa, kuma ɗalibin da ba ya son zana fuska ya zana haruffa, ganye ko dagi, makinsa bai ragu ba.

Shi kuwa Baba, kada ka yi masa gardama. Bayan sallar isha'i ka kai masa takardar tsarin ya gani, ko ka karanta masa. Ka nuna masa sa'ar tashi da ta dawowa da sunayen manya. Ka gaya masa za ku ga mutumin da ke ciyar da iyalinsa da burushi, za ku koyi dalilin da fenti ke ɗayewa a bango. In ya sami sarari, ka roƙe shi ya zama ɗaya daga cikin iyaye biyun da za su raka.

Bayan an dawo

Akwai abin da ke faruwa in aka tsaya a kallo kawai: cikin mako guda sai a ga sunayen ’yan aji da gawayi a bayan gidan makaranta da katangar maƙwabta. An tayar musu da sha'awa ba a ba su wurin sauke ta ba. Don haka tun a takardar izini a nemi bango ɗaya a cikin makaranta, ko a sayi falle ɗaya na katakon filawud, mai santimita 122 da 244. A faɗa musu ƙarara cewa rubutu a bangon wani ba izini ɓarna ce, kuma ana iya kai mutum ƙara a kanta.

A mako na farko kowane rukuni ya gabatar da bango ɗaya cikin minti 5, da zanensu da amsoshinsu. Sai aji ya zaɓi zane ɗaya da za a ɗora a bango. Ana faɗaɗa shi da gidan dara: a ja murabba'ai masu santimita 3 a kan takarda, masu santimita 30 a bango da alli, a kwafe gida-gida, zanen ya ninka sau 10 ba tare da ya karkace ba. A kankare bangon, a wanke ƙurar, a bari ya bushe, a shafa fari hannu biyu. Lita 1 ta fentin ruwa tana rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a hannu ɗaya in bangon sumul ne, mai kaushi ya fi sha. Bango mai mita 3 da 2 lita 2 ta fari ta ishe shi, sai ƙananan gwangwanaye na ja, rawaya, shuɗi da baƙi, sauran launuka a haɗa. A fara da manyan filaye masu haske, baƙin layi ya zo ƙarshe. A yi aikin da sassafe ko bayan la'asar, domin bango mai zafi yana busar da fenti kafin ya kama. A bar santimita 50 daga ƙasa ba zane saboda danshi da fallatsin ruwan sama.

Feshi kuwa kada a ba ɗalibai. Gwangwani mai mililita 400 bai wuce ya rufe murabba'in mita 2 ba, ga tsada, ga tururinsa yana shaƙe masu asma, kuma gwangwanin da ya saura ba ya kwana a makaranta. In ana son su ga yadda yake aiki, mai zanen ya nuna a fili, iska tana bayansa, yara suna nesa da taku biyar, sannan ya tafi da gwangwaninsa.